Karkacewar Fuska: Wadda Ke Iya Jira da Wadda Ba Ta Jira

Wata asuba cikin hunturu, shekarun baya, ƙanin mahaifiyata ya tsuguna yana alwala, ya ɗebi ruwa zai kurkure baki, sai ya ji ruwan yana zubo masa ta gefen dama yana bin haɓa har cikin riga. Ya sake ɗiba, ya sake zubowa. Da ya zo wanke fuska kuma ruwa ya shiga idonsa na dama, domin idon ya ƙi rufuwa. Kafin hantsi gida ya cika da 'yan dubiya, kuma kusan bakinsu ɗaya, wai aljani ne ya mare shi, ƙila ya watsa ruwan zafi da dare ba tare da bisimilla ba. Abin da ya ƙara wa wannan zance ƙarfi shi ne duk sanda ya yi yunƙurin rufe idon, sai ƙwayar ta juya sama, fari kawai ake gani. Kwana biyar aka yi ana hayaƙi ana shafe-shafe kafin aka yarda a gwada asibiti. Likitan da ya duba shi ya sa shi ɗaga gira, ya sa shi ɗaga hannaye biyu, sannan ya ce, "Baba, yaushe abin ya fara?" Da aka gaya masa, sai ya ce da an zo cikin kwana uku na farko da maganin ya fi kama jiki.

Tun daga ranar wannan tambaya ta zauna mini a rai, domin a ganina ita ce mabuɗin lamarin gaba ɗaya. Karkacewar fuska ba cuta ɗaya ba ce, alama ce da abubuwa masu yawa ke haifarwa, daga jijiya, daga tsoka, daga ƙashi, daga haƙori ko daga ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya fi saurin raba su shi ne lokaci. Akwai wadda ke zuwa cikin mintuna, akwai ta kwana biyu, akwai mai ƙaruwa sannu a hankali cikin watanni, akwai wadda aka haifi mutum da ita, akwai kuma wadda kowane ɗan'adam yake da ita. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa mun juya lissafin: mai buƙatar gaggawa yana zaune a gida ana jiran sauƙi, wanda kuma ba abin da ya same shi yana yawon neman allurar gyaran fuska.

Abin da ya sami Kawu shi ne wanda likitoci ke kira shanyewar fuska ta Bell, da sunan Charles Bell, likitan tiyata ɗan Sikotland da ya bayyana aikin jijiyar fuska a 1821. Daga cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, ta bakwai ce ke kai wa tsokokin fuska umarni. Kafin ta fito fili sai ta ratsa wani siririn rami a cikin ƙashin da ke kewaye da kunne, wanda a wani wurin faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, sannan ta ɓullo ta ƙasan kunne, ta ratsa ƙullin naman da ke samar da yawu a gaban kunne, ta rabu reshe biyar zuwa goshi, ido, kunci, leɓe da wuya. Idan jijiyar ta kumbura a cikin wannan rami, ba ta da wurin buɗawa, sai ƙashi ya matse ta, saƙo ya tsaya. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ƙwayar bairos ɗin nan da ke fito da ƙuraje a bakin leɓe lokacin zazzaɓi ce ke farkawa ta haddasa kumburin. Cutar tana kama mutum 15 zuwa 30 cikin kowane dubu ɗari a shekara, kuma ta fi samun masu ciwon suga da mata masu tsohon ciki ko sabuwar haihuwa.

Sanin hanyar jijiyar yana warware abubuwan da ke tsorata mutane. Ciwon bayan kunne da kan riga karkacewar da kwana ɗaya ko biyu daga ramin nan yake. Rashin jin ɗanɗano a gaban harshe da jin ƙara ta yi yawa a kunne ɗaya duk daga ƙananan rassan jijiyar ne. Juyawar ƙwayar ido sama kuwa yawancin mutane suna yi idan za su rufe ido, fatar ido ce ke ɓoye ta, shi ya sa ake ganin ta kawai idan fatar ta kasa sauka. Akwai kuma kuskuren da na gani da idona a gidanmu: bakin yana karkata ne zuwa gefen da ke da lafiya, domin tsokokin wannan gefen ne ke ja ba mai ja da su, amma masu shafe-shafe sai suka duƙufa a kan gefen da bakin ya nufa, suka bar mara lafiyan.

Cutar ba baƙuwa ba ce ga magabata. Larabawa suna kiran ta laƙwa, Arrazi da Ibn Sina duk sun yi bayaninta a littattafansu na likitanci, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi lalas saboda laƙwa. Na kawo wannan ne don a ga cewa sahabi ya ɗauke ta ciwo ne na jiki, ya nemi maganin da zamaninsa ya sani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Abin da ake roƙo shi ne kada ta cinye kwana ukun farko.

Dalilin kwana ukun shi ne maganin rage kumburi mai suna firedinisolon, wanda ake sha na kimanin kwana goma. Ko ba magani, kusan mutum bakwai cikin goma suna warkewa sarai, kuma mafi yawa suna fara ganin motsi cikin mako uku. Wannan ne ma ya sa kowane mai magani yake da labarin nasara, domin duk abin da aka shafa wa mutum, yawanci zai warke. Amma wani babban gwaji da aka yi a Sikotland aka wallafa a 2007, a kan mutum kusan 500, ya nuna cewa cikin waɗanda suka fara maganin a sa'o'i 72 na farko, kashi 94 cikin ɗari sun warke sarai bayan wata tara, alhali waɗanda ba su sha ba kashi 82 ne. Wannan tazara ita ce mutanen da za su rayu da karkataccen baki ba tare da dole ba. Ba magani ba ne da za a saya a kemis a sha da ka, domin yana tayar da suga da hawan jini, kuma masu ciwon sugan ne cutar ta fi kamawa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ido. Bakin da ya karkace ba ya makantar da mutum, amma idon da ba ya ƙiftawa yana bushewa, ƙura ta shiga, baƙin idon ya yi gyambo, kuma a lokacin hunturu wannan ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ana ɗiga ruwan hawaye na asibiti sau da yawa a wuni, a sa man ido da dare, a ja fatar ido a rufe da yatsa a manne ta da filasta mai laushi kafin barci, a kuma sa tabarau idan za a fita.

Wadda ta fi wannan gaggawa nesa ba kusa ba ita ce karkacewar da ke zuwa da shanyewar ɓarin jiki, wato sanda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadinta. Ɗaga girar da likita ya sa Kawu ya yi ba wasa ba ne. Tsokar goshi tana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɓangare ɗaya, saboda haka a mafi yawan shanyewar ɓarin jiki baki ne ke zubewa, amma mutum yana iya tattare goshi da rufe ido. A shanyewar Bell kuwa ɓarin fuskar ne duka, daga goshi har haɓa. Wannan yana nufin wadda ta fi muni a ido ita ce sau da yawa ta fi sauƙi, wadda kuma ake cewa ai baki ne kawai ita ce mai kisa. Duk da haka ba zan so kowa ya yanke hukunci a gida da gwajin gira kaɗai ba, domin akwai shanyewar da ke faruwa a gindin ƙwaƙwalwa ta kama fuskar duka. Idan hannu ko ƙafa ya yi nauyi, ko magana ta sarƙe, ko mutum yana ganin abu biyu-biyu, ko jiri ya hana shi tsayuwa, to a ɗauke shi nan take. Maganin narkar da gudan jini yana aiki ne cikin sa'o'i huɗu da rabi, kuma ko a asibitin da babu shi, kula da numfashi da haɗiya da hawan jini a sa'o'in farko yana ceton rai. Kada a ba shi asfirin kafin hoton ƙwaƙwalwa, domin idan fashewa ce ba toshewa ba, zai ƙara zubar jinin.

Ba kowace shanyewar jijiyar fuska ba ce ta Bell. Idan aka ga ƙuraje masu ruwa a cikin kunne tare da zafi mai tsanani, to ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jiki tun ƙuruciya ta farka, kuma wannan nau'i yana buƙatar maganin bairos tare da na kumburi, warkewarsa ma ta fi wuya. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya yana iya cin ƙashi har ya kai ga jijiyar, kuturta tana iya hana ido rufuwa, sabon kamu da ƙanjamau ma kan fara bayyana ta haka. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce shanyewar Bell tana kai ƙarshen tsananinta cikin kwana biyu zuwa uku. Wadda ke ƙaruwa mako bayan mako, ko ta wuce wata uku zuwa huɗu ba alamar motsi, ko take tare da ƙullutu a gaban kunne, ana neman ƙari ne a bayanta har sai hoto ya kore shi.

Daga nan sai karkacewar da ba ta jijiya ba, wadda kumburi ke kawowa. Mafi yawanta ruɓaɓɓen haƙori ne da ya tara mugunya, kuma maganinsa fitar da mugunyar da gyara haƙorin ko cire shi, sai dai idan kumburin ya sauka ƙarƙashin haɓa yana iya toshe numfashi. A yara akwai sankarar muƙamuƙi da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wadda ke bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tana fara wa yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai da kumburin kunci da girgizar haƙora, tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma tana cikin sankarorin da suka fi jin magani idan an kai yaro da wuri. Yawancin lokacin da ake ɓatawa yana tafiya ne a cire haƙori da zaton shi ne matsalar.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce cutar noma, wadda sunanta ya yi karo da kalmarmu ta aikin gona, wasu kuma ke kira ciwon iska ko ciwon daji. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, galibi waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Farkonta ba ya ba da tsoro: dasashi yana jini, baki yana wari, ɗan miki a cikin kunci. Daga nan kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya bayyana a fata, cikin mako biyu nama da ƙashi su ruɓe su zube su bar rami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tun 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma idan ba magani har kashi 90 cikin ɗari na iya mutuwa. Alhali a matakin dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Waɗanda suka tsira sukan rayu da ɓarin fuska a buɗe ko muƙamuƙi a ɗaure, ba su iya tauna, ana ɓoye su a ɗaki. A Sakkwato akwai asibitin yara na cutar noma da aka buɗe a 1999, wanda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke tallafa wa tun 2014, inda ake sake gina fuska kyauta, wani lokaci ta hanyar tiyata sau da yawa a jere. Najeriya ce ta jagoranci neman a saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma hukumar ta amince a watan Disamba na 2023. Uwar da ta saba buɗe bakin ɗanta tana duba dasashi a duk lokacin da ya kwanta ciwo ta yi abin da ya fi kowace tiyata.

Karkacewar ƙashi ita ce mai tafiyar hawainiya, kuma gyaranta na buƙatar tsari fiye da gaggawa. Ana haihuwar wasu jarirai da ɓarin muƙamuƙi da kunne ɗaya ba su cika girma ba, wasu da tsagaggen leɓe, wanda akan ɗinke tun jariri yana wata uku zuwa shida, wasu kuma da tsokar wuya ɗaya a ɗaure, kai na karkata gefe guda har fuska ta bi, kuma masu gashin ƙashi suna warware mafi yawan wannan idan an fara a shekarar farko. Akwai wadda iyaye ba sa alaƙanta ta da sanadinta. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya bugi haɓa, aka ɗinke 'yar tsagar aka manta, alhali kan muƙamuƙin da ke gaban kunne ya karye, kuma nan ne cibiyar girman ƙashin. Bayan shekaru sai a ga haɓa tana karkata zuwa gefen da ya ji ciwo, baki yana ƙin buɗuwa, har ya kai cokali ba ya shiga. Tiyata ce ke sake gaɓar, amma nasararta ta dogara da watannin atisayen buɗe baki da ke biyo baya. A manya kuwa, wanda ya faɗi a babur ƙashin kuncinsa ya lotsa yana da kimanin mako biyu a mayar da shi wurinsa, kuma kumburi ne ke ɓoye lotsewar a daidai waɗannan kwanaki. Inda muƙamuƙi ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ana fara jera haƙora da waya, sannan a yanka ƙashin a daidaita, yawanci bayan shekara 18 lokacin da girma ya tsaya.

Saura wadda kowa ke da ita. Babu fuskar da ɓarinta biyu suka yi daidai: gira ɗaya ta ɗara ɗaya, ido ɗaya ya ɗan fi buɗewa, hanci ya ɗan jirkice, kuma bambancin milimita biyu ko uku ba mai lura da shi sai mai fuskar. Wayar hannu ce ta mayar da wannan abin damuwa. Mutum ya saba da fuskarsa ta madubi, wadda a juye take, saboda haka idan hoto ya nuna masa ita yadda mutane ke ganin ta, sai kowane ɗan bambanci ya koma ɗaya gefen ya yi masa girma. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1977 ya nuna mutane sun fi son hotonsu na madubi, abokansu kuwa sun fi son na ainihi. Kusancin kyamara ma yana ruɗi, domin wani lissafi da aka wallafa a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka a nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari a kan wanda aka ɗauka a nisan mita ɗaya da rabi. Tauna ta gefe ɗaya tana iya kaurara tsokar muƙamuƙi, amma mai yin haka galibi gudun wani haƙori yake yi, kuma haƙorin ne abin gyara. Na'urorin murza fuska da atisayen da ake tallatawa ba sa motsa ƙashin babban mutum.

Allurar cike fuska tana daidaita ƙaramin rami na wata shida zuwa goma sha takwas, allurar Botox kuma tana sassauta tsoka na wata uku zuwa huɗu. A hannun likitan da ya san hanyoyin jinin fuska suna da amfani. A shagon kwalliya kuwa ina ganin ganganci ne tsantsa, domin idan abin cikon ya shiga jijiyar jini yana kashe fata, wani lokaci ya makantar da ido nan take, kuma silikon na ruwa da wasu ke ɗurawa ba ya fita sai da wuƙa.

Inda waɗannan kayan aiki suka fi cancanta shi ne wajen waɗanda shanyewar fuska ta bar wa saura. Jijiyar da ta ji rauni sosai idan tana tsirowa takan ɓata hanya, reshen baki ya tafi ido, sai mutum ya riƙa kanne ido duk sanda ya yi murmushi. Botox da atisayen fuska a gaban madubi ƙarƙashin mai gashin ƙashi su ne maganin wannan. Idan jijiyar ta mutu gaba ɗaya, ana iya jona mata wata, kamar ta tsokar tauna, amma cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, domin tsokar da ta kai shekara biyu ba saƙo takan shanye. Bayan nan sai dai a ɗauko tsoka daga cinya da jijiyoyinta a dasa a kunci, aikin da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1976. Idon da ya ƙi rufuwa kuma ana dasa masa ɗan siririn zinare a fatarsa ta sama, nauyinsa ya riƙa sauko da ita. Masu jin nauyin ko wannan canza halitta ne sukan samu natsuwa da hadisin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinare, kuma da shi malamai ke kafa hujja wajen bambanta gusar da lahani da neman ƙarin ado.

Kawu ya sha maganin duk da an makara, an manne masa ido kusan mako shida, kuma a wata na uku bakinsa ya koma daidai, har wanda bai san shi da ba ba zai gane ba. Abin da ya rage masa shi ne wani reshe da ya kamata ya koma wurin yawu ya ɓace ya tafi wurin hawaye, saboda haka har yau idan ya sa lomar tuwo a baki idonsa na dama yana kawo ruwa. An gaya masa allura ɗaya a wurin da ke samar da hawaye tana tsayar da shi na wasu watanni, ya ce hankici ya ishe shi.